Motar Yaya Zubair Ta Miƙe Tsaye

Wani ne a Kazaure, yayansa Zubair ya zo da mota mai lantarki daga Kano. Sai mutumin ya roƙi aronta, zai kai surukarsa Hajja Kaka wajen suna a Babura, ya ɗan wanke kansa a idonta.

Zubair ya ce, "Ɗauka, amma ka bi ta a hankali. Wannan ƙwaƙwalwa gare ta, ba ma ɗaya ba. Birki da tasa, sitiyari da tasa, ƙafafu da tasu, kuma shawara suke yi da juna."

Ya ce, "Ba komai Yaya, ni mai zama da mutane ne."

Ya kunna, bai ji ƙara ba. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ce, "Salamu alaikum, an tashi lafiya?"

Shiru. Ya waiwaya wajen Hajja da ke zaune a baya ya ce, "Inna, masu girman kai ne, amma mu je."

Suna cikin tafiya jaki ya faɗo titi. Kafin ya ɗaga ƙafa, mota ta ja birki da kanta, ƙiiii!

Ya ce, "Sannu Malam Birki. Amma gaba a riƙa sanar da ni."

Can ya juya yana ba Hajja labari, mota ta nufi gefen hanya. Sai sitiyari ya murɗa kansa ya dawo da ita kan layi. Mutumin ya buge shi.

"A gaban surukata za ka gyara mini tuƙi?"

Wajen Kanya Babba suka sauka daga kwalta, suka shiga yashi. Ya ga wani maɓalli mai hoton tudu, ya ɗauka na sanyi ne, ya danna. Sai ƙafafun mota suka fara ɗagowa, fuuu, tana ƙara tsawo.

Ai sai ya ɓalle ƙofa ya yi waje, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya laɓe bayan wata tsamiya.

Hajja ta leƙo ta taga. "Ɗan nan, lafiya?"

"Inna, kada ki motsa! Ta miƙe! Sitiyarin nan ne ya kai ƙarata, sun haɗa kai!"

"To ni ka bari a ciki?"

"Ke ba ki yi musu komai ba, Inna."

Rana ta take, suna yana wucewa, shi yana daga nesa yana ba kowace taya haƙuri. Hajja ta gaji, ta kira Zubair a waya, ta ƙara murya ta miƙo ta taga.

Zubair ya daka tsawa. "Kai, ɗagowa ta yi don kada cikinta ya taɓa yashi! Koma ciki ka taka ta ku tafi!"

Mutumin ya leƙo daga bayan tsamiya ya ce, "In taka ta? Haba Yaya! Ɗan marin da na yi ne ya sa ta miƙe tsaye, in na taka ta ai sai dai ka zo ɗaukar gawata!"