Ƙanƙara a Fadamar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zama tafintan abin kunyar kaina, a wani shagon taya a Kuala Lumpur. Shekaru sun ja, amma har gobe in a-kori-kura mai manyan tayoyi ta gifta ni sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A lokacin ina karatun digiri na uku a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak, ina zaune da matata Asma'u da ɗanmu Hanif a wani ɗan gida mai ɗaki biyu. Fannina sadarwa ne, wato eriya da layukan waya. Amma ka san mutanenmu, da zarar an ce "Injiniya" to shi ke nan, kai ne mai gyaran firji, kai ne mai duba janareta, kai ne ka san dalilin da ya sa mota take hayaƙi. (Ni kuwa ko lasin tuƙi ba ni da shi. Bas da jirgin ƙasa na monorel su ne ƙafafuna.)

Ana nan sai mahaifin Asma'u ya zo a duba masa idanu. Alhaji manomin shinkafa ne a fadamun Haɗeja, kafin nan kuma ya yi shekara da shekaru yana jan babbar mota. Mutum ne da magana take yi wa tsada. Lokacin da na nemi 'yarsa, abin da kawai ya ce wa kawuna shi ne, "Yaron yana da hankali, sai dai hannunsa da laushi." Shekara huɗu wannan magana tana tsaye a maƙogwarona. Ina gaishe shi a durƙushe, yana amsawa da "Lafiya lau, Injiniya," ni kuma na kasa gane ko girmamawa ce ko zolaya. Babban burina a wannan zuwa nasa shi ne ya koma gida yana cewa 'yarsa ba ta yi zaɓen tumun dare ba.

Kwana uku da zuwansa, muna cikin tasi daga Jalan Tuanku Abdul Rahman inda ya yi wa iyali tsarabar yadi, sai wata a-kori-kura ta tsaya gefenmu a danja. Alhaji ya ƙura wa tayoyinta ido har aka ba mu hannu. Sannan ya ce, "Injiniya, ranar Asabar ka raka ni wurin masu taya. Motar gona tana ba ni wahala. Akwai kwantenar wani abokina da za ta tashi, sai a saka min a ciki."

Rakiya ya nema, tunda ba ya jin Turanci. Sauran duk ni na ɗora wa kaina.

Na ture aikin digirina gefe na shiga binciken taya. Nan na tarar ashe iri biyu ne ake ta musu a kansu. Akwai wadda masu shago ke kira AT, mai ɗan taɓa kowace hanya, haƙoranta a matse suke, da ƙananan tsage-tsage a jikinsu, ba ta da ƙara a kwalta, tana kuma daɗewa ba ta suɗe ba. Akwai kuma MT, ta taɓo, mai gabza-gabzan haƙora da wawakeken giɓi a tsakaninsu, ta yadda in ta juya sai ta watsar da lakar da ta kwasa maimakon ta toshe. Ita kuma aibinta gurnani a kan titi, da saurin cinyewa, da santsi in kwalta ta jiƙe.

Da a nan na tsaya da na tsira. Amma na ci gaba da karatu, kaina kuma ya ci gaba da ɗaurewa. Wani ya ce ta taɓo tana haƙa cikin dusar ƙanƙara mai zurfi, wani ya ce ƙarya ne, in ƙanƙarar ta daskare a kan titi sai ta riƙa zamewa kamar sabulu a bayi. Wani ya ce a nemi mai tambarin dutse da furen ƙanƙara a gefe. Duk masu rubutun nan daga Kanada suke da arewacin Amurka, kuma duk wanda ka buɗe rabin zancensa ƙanƙara ne. Mu kuwa 'yan digiri na uku an riga an horar da mu: abin da duk marubuta suka ambata ba ka isa ka tsallake shi ba, in ba haka ba ranar kare aiki sai an yi maka tsirara. Don haka na zana jadawali mai gida huɗu, kwalta, daɗewa, taɓo, ƙanƙara, na raba maki. AT ta cinye gida uku, ta yi wa 'yar'uwarta fintinkau.

Asma'u ta leƙo ta bayana ta ga hoton mota cikin farin tudu. Ta ce, "Abban Hanif, ka dai tambayi Baba irin hanyar da motar take bi?"

Na ce, "Asma'u, wannan research ne fa, ba hirar tsakar gida ba."

"To, Allah ya ba da sa'a, Injiniya," in ji ta, ta koma kicin. (Yadda ta ja "Injiniya" ɗin nan, jinin babanta ne sak.)

Gaskiyar magana, na so in tambaye shi. Yana falo, taku biyar tsakaninmu. Amma ta yaya zan durƙusa gaban suruki in ce ban sani ba? Gonar ma sau ɗaya na taɓa ganinta, da rani, ƙasa ta bushe ƙayau ana casa.

Ranar Asabar muka isa shagon da hantsi, rana ta riga ta fara gasa mutane. Mai shagon wani dattijo ne ɗan asalin Sin, kowa Ankul yake ce masa, sanye da shimi, hannayensa baƙi ƙirin. Na gaya masa abin da ya kawo mu, ya mirgino tayoyi biyu, ɗaya ta kowane iri, ya jingine su a gaban Alhaji. Kafin wani ya buɗe baki na zaro kwamfuta daga jaka, na ɗora ta a kan tarin tayoyi, na gyara murya.

Shafi goma sha biyu na shirya. Ina yi wa Alhaji da Hausa, in juya in yi wa Ankul da Turanci, shi da bai tambaye ni ba. Gumi yana ɗiga daga haɓata a kan madannai. Da muka kai shafi na bakwai, Alhaji ya sunkuyo, ya ɗaga baƙin gilashin da likita ya ba shi.

"Wannan farin fa? Auduga ce?"

"Dusar ƙanƙara ce, Baba."

"Uhm," in ji shi, ya mayar da gilashinsa.

Wannan "uhm" ta ishi mai hankali. Ni kuwa sai na ɗauka alama ce ta in ƙara bayani. Na shiga yi masa sharhin yadda ƙananan tsagen nan suke cizon ƙanƙara, har da kwatance da yatsu. A nan ne Ankul ya ɗaga hannu.

"Wait, wait. Nigeria got snow ah?"

Wato yana tambaya ko ƙanƙara na sauka a Najeriya. Wallahi sai na ji tambayar ta zo min kamar daga wata duniya. Na dubi jadawalina, na dubi rufin kwanon da ke ƙara don zafi. Kwana uku ina cikin ƙanƙara har wuya, ko sau ɗaya ban tuna cewa motar Haɗeja za ta ba.

"Me ya ce?" in ji Alhaji.

"Yana... yana tambayar yanayin ƙasarmu ne, Baba."

Ankul bai tsaya nan ba. Ya rungume kafaɗunsa yana karkarwar sanyi ta ƙarya, yana dariya, yana ta zuba zance. Ya ƙare da cewa in tambayi babana a ina yake tuƙa motar. Na fassara wannan guntun kawai, na haɗiye sauran. Ka ga tambayar da na yi shekara huɗu ina kauce wa irinta, ga ta ta fito daga bakina, amma da sunan wani.

Alhaji ya gyara tsayuwa. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Ya ce daga inda aka sauka daga kwalta tafiyar awa guda ce cikin baƙar laka mai danƙo. In damina ta yi nisa motar tana nutsewa har ciki, tayoyin su cika da laka su koma sumul, su yi ta juyawa a wuri ɗaya, sai an nemo tarakta. Kwalta kuwa ba ta ganinta sai ranar kasuwa.

Ina cikin laluben yadda zan ce "danƙo" da Turanci, sai na ga ba wanda yake jirana. Alhaji ya tsugunna ya cusa yatsa a tsagin AT, da ƙyar ya shiga, ya girgiza kai. Ya koma kan ta taɓo, yatsu biyu suka shige har da sarari. Ya juya hannu kamar taya, ya watsa yatsunsa baya. Ankul ya buga cinya ya ce, "Ha! Boleh!" wato ta yi. Sannan ya toshe kunnuwa ya yi gurnani, ya nuna titi, ya nuna sama, ya yi alamar a tafi a hankali. Alhaji ya gyaɗa kai, ya daki ƙirjinsa, alamar ya san wannan tun ba a haifi wasu ba. Tsofaffi biyu, babu kalma ɗaya da suka haɗa, suka gama magana. Ni mai harshe biyu ina tsaye riƙe da jakar kwamfuta.

Sai shaiɗan ya ce min in yi yunƙurin ƙarshe. Na ce da Ankul, amma fa in aka tara maki AT ce a gaba. Ya matso, ya shimfiɗa baƙin tafinsa a kan allon ya rufe gida uku, ya bar na taɓo kaɗai. Ya ce hanyar babana wannan ce kawai. Sannan ya juya ga Alhaji ya yi wata magana, ya ƙare da "lah" irin ta mutanen ƙasar, ma'aikatansa suka tuntsire.

"Me ya ce?" in ji Alhaji. "Kuma ka faɗa min daidai. Na lura ɗazu maganarsa doguwa ce, taka gajera."

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Na sunkuyar da kai na ce, "Ya ce ɗanka yana da ƙwaƙwalwa ƙwarai. Ya ce ya zaɓo maka tayar da ta fi kowace kyau a Kanada. Ya ce ranar da ka mayar da gonar can, ku dawo."

Alhaji ya dube ni. Sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. Ya cire gilashi, hawaye na zuba, yana so ya murza ido yana tuna likita ya hana. Shekara huɗu ban taɓa ganin haƙoran mutumin nan ba sai ranar, kuma ni ne sanadi. Aka ware masa tayoyin taɓo, na rufe kwamfutata da shatin yatsun Ankul a jikinta.

A tasi na lafe a kusurwa, na gama saddaƙarwa cewa daga "hannunsa da laushi" na koma "kansa ma haka". Da muka yi nisa, sai Alhaji ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Shekara huɗu kana durƙusa min, ba ka taɓa tambayata komai ba. Yau ma sai da mai shago ya sa ka." Ya ɗan nisa. "Da ka tambaye ni, da minti biyu sun isa. Kuma da na ji daɗi."

Wannan ta fi dariyar shagon zafi. Ina ta faman in nuna masa na sani, ashe shi jira yake in nuna masa shi ma ya san wani abu da nake buƙata. Da muka isa gida Asma'u ta dubi fuskata, ta dubi ta babanta, sai ta ƙara min nama a miya.

Tun muna firamare ake rera mana cewa matambayi ba ya ɓata, amma ni sai da na haye teku, na kusa zama dakta, kafin wani mai shimi ya karantar da ni. Yanzu duk wanda ya kawo min matsala ya ce "Injiniya", kafin in taɓa kwamfuta sai na ce, "A ina za a yi aiki da ita?" Alhaji kuwa na dame shi da tambaya har yakan ce in bar shi ya sha iska.

Sai dai wata gaisuwa ta maƙale min. Duk sanda na kira shi, ko a tsakiyar zafin bazara ne, ba ya cewa ya aiki, ba ya cewa ya iyali. Sai ya ce, "Injiniya, ya ƙanƙara?"

Ni kuma in ce, "Ta narke, Baba."