Agwagin da suka taso daga tafkin Chadi

Mai yiwuwa wasu abubuwan sun shige mini, amma ina jin cikin watan Maris ne, shekarar da na gama digirina na ilimin halittu. Na kwashi dattawan masallacinmu na La Courneuve, a gefen Paris, su huɗu zuwa bakin teku a Baie de Somme, in nuna musu tsuntsayen da ke dawowa daga Afirka. Ni da ba na furta magana sai na duba littafi sau uku, ran nan ina hango agwagi a wani kududdufi na ce daga tafkin Chadi suka taso.

Ɗayansu, Alhaji Mahamat ɗan Chadi, wanda ya daɗe rabonsa da gida, ya karɓi madubin hangen nesa. Ya ce, "Malam, me ya hana su motsi?" Na ce gajiyar ƙetare Sahara ce. Ya yi musu sannu da hanya, ya tambaye su ya suka baro ruwan tafki, yana share hawaye.

Sai ga wani maharbi da buhu. Ya shiga ruwan yana tsince su ta wuya ɗaya bayan ɗaya. Ashe na roba ne, da su yake yaudarar na gaske.

Haka muka juyo muka dawo Paris. Yau ko butar roba na ɗauka zan yi alwala, sai Alhaji ya ce, "Malam, ita kuma wannan daga wace ƙasa ta taso?" Waɗanda aka yi a gabansu su aiko mini da gyara, amma don Allah a asirce.