Takwaran Ustaz Mujtaba Mai Lasisi

Ƙauyukan Hausawa da ke gefen garin Suki, a ƙasar Sudan, sun yi dace da manyan mutane, amma babu kamar Ustaz Mujtaba Ladan, wanda ake wa laƙabi da Mai Lasisi. Shi kaɗai ne a ƙauyensu gwamnati ta amince a rubuce cewa ya iya tuƙa tarakta. Ya samo lasisin a birnin Madani tun yana saurayi, ya sa shi cikin gilashi, ya rataye a zaure daidai inda idon baƙo zai fara sauka. Tun ranar jarrabawa bai sake riƙe sitiyari ba. Ya ce mutumin da hukuma ta riga ta shaida ba ya buƙatar ya yi ta nuna wa jama'a.

Babban aikinsa shi ne kula da sunansa. Allah ya yi masu suna Mujtaba Ladan da dama a ƙasar, kuma Ustaz ya bi diddigin kowa: inda ya yi karatu, inda ya yi aiki, da hukumar da ta ba shi izini. Akwai likita a Managil, akwai lauya a Damazin. Bai taɓa ganin ko ɗaya ba, amma in an yabi likitan a majalisa, Ustaz ne ke sunkuyar da kai cikin tawali'u.

"Mu Mujtaba Ladan," yakan ce, yana gyara rawani, "a fannin lafiya muna nan, a shari'a muna nan, a harkar injuna kuwa ga ni gabanku."

Aibin sunan guda ɗaya ne, kuma a ƙauyen yake zaune. Wani Mujtaba Ladan ne, ɗan surutu, mai bin kowace mota da kowace tarakta, ba shi da takardar ko tuƙa jaki. Ustaz ya sha aika masa da shawarar ya koma amsa wani sunan. Shi kuwa duk inda suka haɗu sai ya ɗaga murya: "Takwara, ina kwana!" Ustaz yakan duba bayansa ya ga da wa ake.

Abin da ke cin ran Ustaz bai taɓa faɗa wa kowa ba. Kowane dattijo a ƙauyen an yi masa takwara, har mai sayar da gawayi, amma shi shiru. Don haka da maƙwabcinsa Alhasan, wanda ke kiransa Kawu, ya ce matarsa Widad ta kusa haihuwa ta uku, Ustaz ya soma kai masu gaisuwa safe da yamma, yana bayyana falalar sunaye masu tarihi.

Naƙuda ta zo da rana tsaka cikin damina, ta kuma zo da gardama. Ungozoma ta ce sai asibitin Suki. Hanya ta zama laka, ba abin da zai ratsa sai taraktar ƙungiyar manoma, direbanta kuma ya tafi Dinder. Alhasan ya sheƙo zauren Ustaz ba ko takalmi.

"Kawu, taimaka, ga tarakta can!"

Ustaz ya miƙe, ya dubi gilashin bango, ya yi gyaran murya.

"Ya Alhasan, lasisin nan na huɗa ne. Na huɗar hawasha, gonar auduga da dawa. Bai ambaci ɗaukar fasinja ba. In na karya doka, likitanmu na Managil da wane ido zai dubi mutane?"

Bai kai ƙarshen bayanin ba aka ji tarakta ta tashi. Mujtaba marar takarda ne a kai, yana zagin laka yana zagin giyar tarakta, Widad da ungozoma a tirela. Sun isa. An haifi namiji lafiyayye.

Da labari ya dawo, Ustaz ya karɓi barka a madadin sunan. Ya ce daga ƙarshe dai Mujtaba Ladan ne ya kai ta, sauran bayani na ma'aikata ne. Da ya ji raɗe-raɗin sunan da za a sa, ya sayi rago mafi girma a kasuwa ya aika gidan Alhasan. Har ya zaɓa wa yaron sunan sakayawa, tunda ba macen da za ta kama sunan dattijo kamarsa da bakinta: Ustaz Ƙarami.

Ranar suna ya fito cikin farar jallabiya, ya zauna kusa da liman. Liman ya ce an sa wa yaro Mujtaba. Ustaz ya share ƙwalla, ya miƙe ba a gayyace shi ba, ya yi jawabi kan nauyin da ya hau kan jaririn: likita a gabansa, lauya a gabansa, ga kuma shi. An yanka rago, shayi ya huce, jawabi bai ƙare ba.

Da hantsi ya shiga cikin gida ya sa wa takwaransa albarka. Yana bakin ƙofa ya ji muryar Widad, sarai, cikin dariyar mata:

"Kai Mujtaba, ka sake jiƙa ni! Mujtaba, ba ka da kunya?"

Ustaz ya tsaya cak. Ya jira wata ta kwaɓe ta. Ba wadda ta kwaɓe ta. Ya juya wajen Hindu, mahaifiyar Alhasan, wadda ke zaune tana kasa nama.

"Hajiya, haka ake kama sunan manya a gidan nan?"

"Wane manya, Ustaz? Ai sunan Mujtaba na tarakta aka sa masa. Wannan ko a kasuwa kama sunansa ake, bai damu ba." Ta ɗaga cinyar rago tana juyawa. "Amma wallahi ragonka ya yi kitse. Allah ya saka da alheri."

Ustaz ya gyara rawani. Ya ce da ma bai riga ya amince ba, sai ya binciki asalin yaron da irin aikin da zai yi kafin ya yanke hukunci ko ya cancanci sunan.

Hindu ta ce to, ya ɗan matsa daga ƙofa, za a wuce da kason takwara.