Ranar da Aka Buɗe Kulata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da 'yan aji huɗu suka buɗe kular abincina ba, ko zan shekara ɗari. Lokacin ina koyarwa a wata 'yar firamare ta kuɗi a Tudun Wada, nan Minna, kuma ba ni da damuwar da ta wuce Anti Ladi.

Gara in faɗa tun yanzu, baiwar Allah ba ta taɓa yi min komai ba. Malamar aji uku ce, 'yar Maikunkele, kullum da dafaffiyar doyar gonarsu da miyar ganye. Yara na sonta kamar su haɗiye ta. Ita ta fara zaunar da 'yan ajinta suna muhawara: biskit ko gyaɗa, lemon kwalba ko kunu, wanne ya fi amfani a jiki? Hedimistires ta yabe ta a gaban kowa har sau biyu (na ƙirga), ta ce a ƙarshen zango za ta zaɓi malamar da za ta riƙe sabon kulob ɗin lafiya. Ni kuwa na riga Ladi zuwa makarantar da shekara uku. Kishi ya kama ni, ba wani suna da zan ba shi.

Sai na ƙirƙiro nawa, na sa masa suna "duba kula". Kafin a tashi tara, kowane yaro zai ɗora abincinsa a tebur, aji ya yanke hukunci: mai gina jiki a hannun dama, kayan kwalama a hagu, kuma sai an kawo hujja. Na ja musu kunne cewa kada su ji tsoron kowa. Na kafa doka da bakina: duk wanda ke cikin aji sai an duba nasa.

Abin da ba su sani ba, ni ban iya wuce mai cincin ba. Ina da wata ƙatuwar kula mai hawa uku, duk wanda ya gani zai rantse tuwo ne da miya. In yara sun fita tara sai in ja ƙofa in yi abin da ya kawo ni.

Ranar da Hedimistires ta zo kallo, tare da Ladi ta zo. Komai ya tafi daidai. Wata yarinya mai kaifin baki, Zainab, ta ce awara na gina jiki amma mai ya yi mata yawa, a ajiye ta a tsakiya. Hedimistires na ta gyaɗa kai. Na saci kallon Ladi don in ga fuskarta ta canja, sai na ga tafi take yi (wannan ya fi komai ba ni haushi).

Da na yi shiru a nan, da shi ke nan. Amma na hango kula a hannunta, zuciyata ta ce ba yadda za a yi mutum ya rayu a kan doya kaɗai.

"Yara, Anti Ladi ma ai tana cikin aji, ko?" na ce, har da murmushi.

Aka buɗe. Doya, ganye, da lemon ɓawo biyu. Hannun dama.

Zainab ta juyo. "Anti, saura taki."

"Tawa ai kun santa, tuwo ne."

"Doka ce, Anti. Ke kika faɗa."

"Malama, a bi doka mana," in ji Hedimistires.

Hawan farko, cincin. Na biyu, biskit da alawa. Na uku, fanke ya jiƙe sharkaf da mai. Zainab ta shinshina gorar ruwana ta ce, "Anti, wannan ba ruwa ba ne." Sannan suka yi min abin da na koya musu, ɗaya bayan ɗaya, kowa da hujjarsa. "Sukari ya yi yawa." "Ba ya riƙe ciki." Wata daga baya ta ce, "Shi ya sa Anti ke hamma bayan tara." Duka aka tura hagu, ina tsaye da alli a hannu ina neman inda zan sa idona.

Hedimistires ta ce gaskiya yaran sun koyu. Kulob kuwa Ladi aka ba, aka kuma ɗauki "duba kula" tawa aka sa a ƙarƙashinsa.

Da aka fita tara, kayana na tsare a hannun hagu, Ladi ta turo min kularta. "Anti, zo mu ci, doyar ta yi min yawa."

Na ci. Kuma ta yi daɗi, abin takaici.

Tun ranar na gane cewa in ka koya wa yara faɗin ra'ayinsu ba tsoro, kai ma kana cikin waɗanda ba za su ji tsoro ba. Har yau ina cin cincin, amma a gida, kuma ban ƙara cewa a buɗe kular kowa ba.