Rasuwar Ƴar Ingila a Falon Ajidan

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, Muntaka mai gidan kallo na Matameye, a madadin iyalinsa da duk masu zama a zaurensa, yana sanar da ƴan'uwa na cikin gari da na Kurni da Dungu da Yauri rasuwar na'urarsa ta bidiyo, wadda aka fi sani da Ƴar Ingila. Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar. Ba a ɗakinta ta cika ba, a falon Ajidan Manu ne, da kaset a cikinta. Allah shi ya ba da, shi kuma ya karɓa.

Marigayiya ba haifaffiyar nan ba ce. Kai, ko a Ingilar ma ba a haife ta ba, don a gindinta Japan aka rubuta, amma mutanen Matameye in sun sa wa abu suna to ya zauna ke nan. Muntaka ya san ta ne a Kaduna, inda yake zuwa ci-rani yana gadin gidan wani Bature injiniyan masaƙa. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar masa ita, da tele, wato talabijin, da ƙaramin injin wuta, da kwali guda na kaset. A cinyarsa ya ɗauko ta, naɗe cikin bargo, bai yarda yaran mota sun ɗora ta a saman kaya ba.

Ba ta daɗe da zuwa ba aka rufe iyaka, damina kuma ta yi ƙarya. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Mazan da suka saba wucewa Kano da Kaduna da Ikko da zarar an gama girbi sai ga su zaune a gindin bango, ba girbin, ba tafiyar. A irin wannan shekara marigayiya ta yi aikinta. Mutum zai shigo zauren Muntaka ba ya ko iya amsa gaisuwa, ya fita yana share hawayen dariya. Ba ta taɓa ciyar da kowa ba, gaskiya ne, amma takan sa mutum ya manta da cikinsa har zuwa magariba.

Dole a faɗi gaskiya ko da a kan mamaci ne: ba ta san wani karatu ba sai finafinan barkwancin Ingila na marasa kunya, don su kaɗai Baturen ya bari. Labarin kusan ɗaya ne kullum. Wani mai mata zai ƙyalla ido ya ga matar wani, ya lallaɓa ya shiga, kafin ya gama cire takalmi sai ga mijin ya dawo ɗaukar lema. Sai ƙarƙashin gado. A can kuma ya tarar da mai kawo madara ya riga shi. A wani, likita ne ke bin ma'aikatan jinya a guje har ya faɗa kwandon wanki. A wani kuma masauki ne na bakin teku inda aka rikita makullai, kowa ya wayi gari a ɗakin da ba nasa ba. Ingila dai, in aka bi ta bakin marigayiya, ƙasa ce da babu wando mai mazagin kirki, kuma ba a buɗe ƙofa a sami wanda ake nema. Ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, su kuma suna tsaki suna gudu. Wani tsoho daga Dungu ya taɓa roƙon a mayar da kaset baya, kowa ya zaci matar da ke shanya yake son ƙara gani, ashe ruwan da ke sauka kan ciyawa ne. Aka mayar masa, zaure ya yi tsit.

Turancin Muntaka na gadi ne, bai wuce gaisuwa da buɗe ƙofa ba. Saboda haka yakan tsaya gefen tele ya ba da labarin da Hausa yadda idonsa ya nuna masa. A hannunsa kullum akwai faifan matarsa Balki, kuma aiki biyu faifan nan yake yi. Da ya ga tawul na shirin faɗuwa daga jikin wata, sai ya kifa shi a fuskar tele ya ce yanzu suna gaisawa ne, zaure ya ɗauki ihu da zagi, shi ko a jikinsa. Sauran lokacin kuwa fifita yake yi wa marigayiya. Tun zafin bazara ta kamu da ciwo: in ta yi zafi sai ta fara wani kuka, kirrr, kirrr, in ba a yi maza an ba ta iska ba, sai ta tauna kaset. Masu maganinta suna can bayan iyaka. Da faifai aka riƙe ranta duk tsawon watannin nan.

Waɗanda suka zauna da ita ba za su manta muryarta ba. Akwai ƙwas ɗin da take yi in ta haɗiye kaset, da wuuu na komawa baya. Akwai kuma wannan siririn fito, fiiiyuuu, da ake busawa a finafinan duk lokacin da wando ya zame ƙasa. Wannan fiton ne ya jawo ajalinta.

Ga yadda abin ya faru. Ajidan Manu mai kaki ne da aka turo ya kula da rabon hatsin agaji. Mutum ne mai tumbi da gashin baki murɗaɗɗe. Abin da mutane ke faɗa game da buhunan da ke fita ta bayan mangazar ajiyar hatsi, da matan da ke samun mudu ba tare da bin layi ba, wannan sanarwa ba ta ce komai a kansa ba. Zamanin soja ne, mutum yakan duba bayansa kafin ya yi tari. To a cikin kwalin nan akwai wani fim na bariki, inda wani saje mai tumbi da gashin baki murɗaɗɗe yake tsaron ɗakin abinci. Yakan ɓoye gwangwanaye a ƙarƙashin gadonsa, yana ba matan da ke ƙwanƙwasa ƙofar baya. Daga ƙarshe matar kanar ce ta zo, kanar ya biyo sawu, saje ya shige kabad, aka buɗe, ya fito a guje ya ratsa filin fareti a gaban bataliya guda, wando a idon sawu.

Muntaka ya sha nuna fim ɗin nan lafiya lau. Sai wata rana, daidai lokacin da saje ke tura gwangwani ƙarƙashin gado, Ɗanjuma tela ya ce daga baya, a hankali ma ya faɗa, ashe Ajidan ya taɓa aiki a Ingila. Wallahi zauren nan kamar zai rushe. Muntaka shi kaɗai bai yi dariya ba, don ya san ba duk wanda ke zaune a tabarmar nan ne ya zo kallo ba. Washegari a layin hatsi, Ajidan na wucewa da sandarsa, sai aka ji fiiiyuuu daga tsakiyar jama'a. Ya juya, kowa na kallon ƙasa. Kafin mako ya zagayo, ko ta lungu ya bi sai fiton ya fito daga bayan katanga.

Da kansa ya zo zauren, da rana tsaka. Bai zagi kowa ba. Ya sa aka nuna masa kwalin, ya zaro kaset ɗin kamar wanda ya san inda yake, ya sa a aljihu. Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Muntaka ya kawo kayansa gida, yana son ya ga abin da ke ba mutanensa dariya haka. In ya ga abin da aka gaya masa, kamiyon hatsi, babbar motar nan da ke komawa Damagaram, ba zai koma babu kaya ba, sunan gidan Muntaka kuma ya fita daga rabo. Kowa a garin nan ya san wani da ya hau bayan kamiyon nan, kuma ya san yadda matarsa take zaune yanzu.

Balki ta ce ya jefa tsiyar a rijiya. Ya ce in ta isa a mace za a ce shi ya kashe ta, wannan kuma amsa laifi ne. Ta ce to ya gudu Kurni wajen kawunsa. Ya ce to ita da yaran fa? Abin da ya rage masa faifai ne kawai: zai rufe duk inda ya kamata, ya ce kunya ce, ya ba da labarin yadda ya ga dama.

Falon Ajidan rufin kwano ne, an kuma rufe tagogi don hoto ya fito. Zafi kamar cikin tanda. Ajidan na kan kujera, masu kaki biyu tsaye a bayansa. Marigayiya ta yi ƙwas, ta fara aikinta da ladabi kamar kullum, ba ta san inda aka kawo ta ba. Saje ya fito yana shafa tumbi. Ɗaya daga cikin na tsaye ya yi wani irin tari ya juya fuska wajen bango. Mace ta farko ta ƙwanƙwasa ƙofar baya, Muntaka ya ɗaga faifai.

"Ajiye faifan nan," in ji Ajidan.

"Ranka ya daɗe, wurin nan babu kunya ne."

"Ni ba yaro ba ne. Ajiye shi ƙasa. Kuma kada hannunka ya ƙara zuwa kusa da injin nan."

Ya ajiye. Ya tsaya jikin bango da hannuwa a baya, gumi na bin ƙafafunsa. Ya san fim ɗin nan kamar hanyar gonarsa, ya san abin da ke tafe da abin da ke bin bayansa. Gwangwanaye suka shiga ƙarƙashin gado. Ajidan ya daina murza gashin baki. Matar kanar ta shigo tana rangwaɗa. A nan ne marigayiya ta fara, can ƙasa-ƙasa, kirrr, kirrr.

Babu wanda ya san ma'anar kukan nan a falon sai Muntaka. Magana ɗaya ta ishe shi: ya ce tana son iska, a bari ya yi mata fifita, da Ajidan ya yarda, don shi ma ƙarshen yake son gani. Kuma Allah ya sani yana sonta. Ita ce kaɗai abin da ya fito da shi daga shekarun gadi, ita ta sa ake kiransa mai gidan kallo maimakon mai zaman banza. Kukan ya ƙaru. Warin roba mai ƙuna ya fara tasowa. Ya dube ta, ya tuna Balki da yara, ya cije leɓe, bai ce komai ba.

Kanar ya buga ƙofa. Saje ya faɗa kabad. Kanar ya shigo yana huci, ya duba bayan labule, ya duba ƙarƙashin gado, ya ɗora hannu kan marfin kabad. Sai hoton ya karkace, layuka suka ratsa shi, marigayiya ta yi wani dogon ƙugi, ta yi ƙwas na ƙarshe, ɗan hayaƙi ya fito ta bayanta. Shi ke nan. Aka danna, aka girgiza, kaset ya ƙi fitowa.

"Yaya ya ƙare?" in ji Ajidan.

Muntaka ya ba da labari. Ya ce da aka buɗe kabad sai aka gane saje ya ɓuya ne don ya kama ɓarawon bariki, gwangwanayen kuma marayu yake tara wa, matan nan iyayensu ne, har kanar ya rungume shi aka maƙala masa lambar yabo a filin fareti. Bai taɓa tsara labari ya zauna daram irin wannan ba, kuma ba wanda ya yi dariya. Sannan Ajidan ya ce masa ya ɗauki telensa da injinsa ya tafi gida, amma gawar ta zauna. Ya ce akwai wani mai gyara a Damagaram wanda ko rediyon da ya kwana a rijiya yana tayarwa.

"In ta tashi, za mu kalli ƙarshen tare," in ji shi.

Marigayiya ta bar tele, abokin zamanta, wanda tun ranar ba ya nuna komai sai yayyafin fari da baƙi. Ta bar injin wuta da sauran kaset marayu a kwali. Ta bar Ɗanjuma tela, wanda ya rufe shago ya tafi ganin wata gwaggonsa da ba a taɓa jin labarinta ba. Ta bar Muntaka.

Game da jana'iza, ana ba jama'a haƙuri, babu gawa a hannu. Ta bi kamiyon hatsi ranar Asabar, ita kaɗai a baya. Za a karɓi gaisuwa a zauren gida bayan la'asar. A zo ɗaiɗai ko bibbiyu, kada a yi taro, kada kuma kowa ya wahalar da kansa da kawo abinci. Iyalin sun gode wa masu cewa Allah ya ba mai gyara sa'a, amma suna roƙo don girman Allah a daina. A yi mata addu'ar da ta dace da mamaci, Allah ya sa ta tafi ke nan. Wanda kuma yake cikin gaisuwa ya ga Muntaka ya miƙe yana neman takalminsa, kada ya ji haushi, ƙarar mota ya ji daga hanyar Damagaram.