A Ba Kuncin Inna Umarni

Zuwa ga Mai Girma, Ma'abocin Alƙalamin da Ba Ya Hutawa, Shugaban Ofishin Umarnin Gaggawa.

Bayan gaisuwa irin ta mai sunkuyar da kai, ina fatan hannun da ke sa hannu yana cikin ƙoshin lafiya. Ni mai aski ne. Shekara ashirin da shida ina riƙe haɓar mutane ina juyawa, don haka idan ana zancen fuska, a yi mini uzuri in sa baki.

Ranka ya daɗe, watan jiya ka ba da umarni cewa ba mai shiga asibitin gwamnati sai na'urar bakin ƙofa ta ga fuskarsa ta yi daidai da hoton katinsa na shaida. Rediyo ta ce ci gaba ne, muka yi tafi har da mu da ba a tambaya ba. Sai dai Inna, mahaifiyata, ta yi wa ci gaba laifi. Bayan an ɗauki hotonta, shanyewar ɓarin jiki ta same ta, kuncinta na hagu ya zubo. Hannun hagun ma ya saki, likita ta rubuta mata gashin ƙashi a asibiti duk Talata, ta ce in aka bar hannun ya sandare, shi ke nan. Talata uku ke nan na'urarku na cewa Inna ba ita ba ce.

Ga 'yan koke-kokena, in an yarda.

Na ɗaya: mai gadin ƙofar ya san Inna, har jikoki yake tambayarta. Amma an cire maɓallin buɗe ƙofa daga ɗakinsa an kai ofishinka. Shin an bar shi a nan ne don ya taya mu jimami?

Na biyu: kotu ta dakatar da umarninka, sai na yi sauri na samo kwafin hukuncin na kai. Mai gadi ya ce shi dai ba shi da ta cewa, a nuna wa mai ƙofar. Muka ɗaga takardar a gaban kyamara, shafi bayan shafi har goma sha ɗaya, yana riƙe da gefe ina riƙe da gefe, don kada ta ce ba mu daidaita ba. Ta gama kallo tsaf ta amsa: "Ba a gane wannan fuska ba." Ban ga laifinta ba, ranka ya daɗe, a gidanka ta tashi.

Na uku: majalisa na ta muhawara kan ko kana da ikon yin haka. A shagona ma ana yi, har na kusa raba wani malamin makaranta da kunnensa. An kafa kwamiti, zai zauna bayan hutu. Wa zai gaya wa hannun Inna ya jira a dawo hutu?

Abin da ya sa na ɗauki biro ban iya sa masa lamba ba. Shekaranjiya na tarar da Inna gaban madubin shagona, ta sa yatsa ta tallafi kuncinta tana koyon murmushin da ke kan katin. Ta gwada a ƙofar asibitin, na'ura ta ce a cire hannu daga fuska. Ta juyo ta ba ni haƙuri, wai ta ɓata mini lokaci. Ranar na yi kuka a gaban mutane.

Lauyanka ya faɗa a talabijin cewa ikonka ba shi da iyaka, ni kuwa wane ni in musa? Don haka ban roƙa a buɗe ƙofa ba, kada in shiga hurumin manya. Roƙona ƙarami ne: kafin Talata, a ba kuncin Inna na hagu umarnin gaggawa ya koma inda yake a hoto.

Naka mai biyayya har ƙasa, fuska a miƙe, hannu a gefe,

Mai aski na bakin tashar mota,
ɗan tsohuwar da ba ita ba ce.