Sunan Alhaji a Jikin Tanki

A gode wa Allah da ya ajiye mana Alhaji Ni-Na-Saya a unguwa. Mutum ne mai kyauta, mai son ɓoye alheri. Shi ya sa duk sadakar da ya yi, sai ya bi gida gida yana roƙon mutane kada su faɗa wa kowa. Agogon bangon masallaci shi ya saya. Ba a cika gane ƙarfe nawa ba, don sunansa ya rufe daga tara zuwa uku, amma ai ladanin masallacin yana da na hannu.

Ɗan asibitin unguwar ya daɗe ba ruwa. In mace ta haihu, sai 'yan'uwanta sun zo da jarka kafin a wanke jariri. Da Alhaji ya ji, tausayi ya kama shi har sai da ya kira mai hoto. Ya sayo ƙaton baƙin tankin roba, aka ɗora bisa dakali a tsakar asibitin. Saura abu ɗaya: suna. A ganin Alhaji, ruwan da ba a san mai shi ba ba ya kashe ƙishirwa.

Aka kira Baba Mai Fenti, tsohon da ya shekara talatin yana rubuta allunan shaguna. Ya zagaya tankin, ya shafa shi, ya ɗiga masa ruwa da yatsa. Ɗigon ya dunƙule ya gangare, ko laima bai bari ba.

Ya ce, "Alhaji, wannan ba zai riƙe fenti ba. Roba iri-iri ce. Akwai mai tauri, irin ta jikin rediyo da fanka. In ka goge ta ta yi kaushi, sai fenti ya kama ta gam. Wannan kuwa dangin jarka da bokiti ce, jikinta kamar an shafa kyandir. Ka ga ko ruwa bai zauna ba. Bari in yi maka allon katako."

Alhaji ya yi irin murmushin da yake yi wa waɗanda ba su taɓa shiga jirgi ba.

"Baba, roba roba ce. Ni da na shiga masana'anta da ƙafata a ƙasar waje za ka koya wa roba? Allo ai wani maƙiyi zai cire. A jiki nake so!"

Ya zaro takarda. Bayan suna akwai Uban Marayu, Gatan Masu Jego, Mai Shayar da Al'umma. Duk shi ya naɗa kansa, don kada ya wahalar da jama'a. Baba ya ce to, ya rubuta da fenti ruwan ɗorawa. Sai mutum ya kewaye tankin sau biyu kafin ya gama karantawa.

Kwana uku, babbar nas ta sa farce ta ɗan sosa. Harafi guda ya ɗago kamar ɓawon albasa. Da labari ya kai wa Alhaji, nan take ya gano musabbabin, don Allah ya ba shi basira: fentin na talakawa ne, sannan akwai hassada. Ya aika aka kawo fentin mota, ya ce a yi shafi uku.

Baba ya ce, "Alhaji, na ƙasan bai kama ba, na saman wa zai riƙe? Nauyi kawai za a ƙara masa."

"Kai dai yi abin da aka sa ka."

Aka lulluɓe tankin da farin ƙyalle, ya wuni biyu a rana, fenti ya yi laushi ya manne da ƙyallen. Ranar miƙawa da safe motar ruwa ta cika shi, cikinsa ya turo kamar na wanda ya ƙoshi. Mata suka cika tsakar asibitin da bokitai da goyo, suna jira a gama a buɗe famfo. Alhaji ya gyara babbar riga, ya karɓi lasifika.

"Jama'a, ni ba mai son a san ni ba ne. Amma wannan suna da za ku gani, zai zauna a nan har jikokin jikokinku su karanta!"

Ya fizge ƙyallen.

Suna ya biyo ƙyalle. Abin da ya rage ya saɓule falle-falle. Uban Marayu ya faɗi a ƙafar babbar nas. Gatan Masu Jego ya ɗan yi lilo, sannan ya faɗa bokitin wata mai jego. Tanki ya tsaya baƙi wuluk, tsaf, kamar ranar da aka ƙera shi.

Matan ba su yi dariya ba, don suna da tarbiyya. Bakinsu dai suka rufe da mayafi, kafaɗu suka yi sauran aikin. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu da zuciya ɗaya ta ce, "Allah ya karɓa, ɗana. Sadakar da ba suna ai ta fi lada."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Alhaji ya damƙo hannun Baba.

"Ka nemo inda fenti ke kamawa a jikin abin nan. Yau! Kafin mutane su watse!"

Baba ya bi yana ƙwanƙwasawa yana kankarewa. Kan famfon ya yi ƙanƙanta. Can ya tsaya a kan wani bututu mai tauri, ruwan toka, kaurin hannun jariri, wanda ke kwashe ruwan wankin asibitin ya kai kwata.

"Wannan robar kam tana kamawa, Alhaji, amma fa..."

"Ba amma! Rubuta!"

Baba ya tsuguna, ya goge bututun, ya jera haruffa ƙanana kamar tururuwa. Suka kuwa kama. Damina biyu ke nan, ko ɗigo bai goge ba. Sunan ya faro daga gindin bahon da ake wanke zanen haihuwa, ya bi bango, Mai Shayar da Al'umma ya ƙare daidai bakin da ruwan datti ke zuba.

Har yanzu Alhaji yana kawo baƙi su gani. Yakan ce musu duk wanda zai karanta sunansa sai ya durƙusa. Gaskiyarsa kuwa. Toshe hancin ne kawai bai taɓa ambata ba.